Yadda Kunkuru Ya Koyi Ƙofar Kaka

Allon ya iso ƙauyen Muaniwai ranar Litinin, naɗe cikin tawul, tare da wasiƙa daga Sainimili, 'yar Peniasi da ke aikin jinya a Brisbane. Kwamfutar hannu ce, amma tun da tsohon ya ɗaga ta, ya juya gaba da baya, ya ce, "Wannan ai allo ne," sunan ya bi ta. Wasiƙar ta ce an zuba manhajoji uku na taswirar teku a ciki, kowacce za ta bari a gwada ta mako guda, ya zaɓi ɗaya ya faɗa mata ranar Lahadi. A can ƙasa ta ƙara layi ɗaya: "Baba, don Allah kar ka tura shi ƙarƙashin katifa."

Ƙarƙashin katifar kuwa ya yi niyyar tura shi. Shekara talatin da ɗoriya Peniasi ke riƙe da kwalekwalen gari, kuma ba don ya fi kowa ƙarfi ba. Duk mai son zuwa garin Vunisea daga wajenmu dole ya fita daga katangar murjanin da ta kewaye gaɓa. Babbar mashiga, wadda kowa ya sani, tana can kudu, zagayen awa biyu. Gidan su Peniasi kuwa suna da tasu, Ƙofar Kaka, siririyar hanya mai lanƙwasa bakwai wadda ke fitar da mutum cikin minti goma. Ba a koyar da ita sai ga ɗan cikin mutum, a kan tabarma, bayan an sha ƙoƙon yangona, jiƙon saiwar da ake sha a zaman al'ada. Mutane sun sha wucewa ta cikinta a zaune kan buhunan gwaza, amma wucewa daban, sani daban. Jolame, surukin mai gari, ya taɓa bin sawun Peniasi a ɓoye da nasa kwalekwalen, kuma har yau farfelarsa tana can ƙasa tana gaisawa da kifaye.

Abin da ba wanda ya sani, ko kuma abin da Peniasi ke zaton ba wanda ya sani, shi ne yanar ido ta fara rufe masa gani. Ƙofar Kaka da launin ruwa ake karanta ta: inda ya yi shuɗi hanya ce, inda ya yi ruwan ƙasa dutse ne. In rana ta fito fes yana gani. In gari ya lumshe, ruwan duka sai ya koma masa launi ɗaya. Watan jiya ya gogi dutse da cikin kwalekwale, ɗauke da mata 'yan kasuwa, ya ce musu gungumen itace ne. Ya san in maganar ta kai gaban taron gari, Jolame za a miƙa wa injin, a koma zagayen awa biyu, ita kuwa ƙofa ta bi shi kabari. Wannan tsoron ne ya hana allon shiga ƙarƙashin katifa.

Sai dai bai san inda ake taɓa shi ba. Dole ta sa ya aika a kira Torika.

Torika 'yar gwaggonsa ce, marigayiya Litiana, wato taubashiyarsa. Ta yi shekara ashirin tana shugabantar makarantar firamare, ta yi ritaya, amma bakinta bai yi ba. Ga shi kuma 'yar mace ce a gidan, kuma kowa ya san ikon ɗan mace a gidan kawunsa: abin da ya ɗaga ya ce ya ɗauka, ya ɗauku, ba musu ba ƙorafi. Da wannan iko ta raba Peniasi da rediyo biyu, da lema, da zakaran da ya fi so.

Ta shigo tana gyara tabarau. "Ina mara lafiyar? An ce an kawo maka abin da ya fi ƙarfinka."

"Zauna can nesa da tukwanena," in ji shi. "Aiki zan sa ki, ba yawon buɗe ido ba."

"Ka roƙe ni tukuna."

"In roƙe ki? Ke da kika tashi da abincin gidanmu?"

"To sai anjima."

Sai da ya haɗa mata shayi da burodin kwakwa kafin ta yarda ta buɗe allon.

Manhaja ta farko tana da tambarin anga. Kyau kam ba a magana. Teku shuɗi shar, tsibirai kore, lambobin zurfin ruwa a jere kamar an yi musu fareti. Ranar Talata suka fita da ita nan cikin gaɓa, Torika a gaba da allo, Peniasi a baya da inji. Ba su yi nisa ba ta fara dariya, dariyar da har sai da ta cire tabarau.

"Taubashi, rage gudu, kar ka ture mumbari."

"Wane mumbari?"

"Ga mu nan, a cewarta, a kan tudun coci. In ka ƙara wuta kaɗan za mu shiga kicin ɗin matar fasto."

Peniasi ya dubi ruwan da ke ƙarƙashinsu, wanda zai shanye dogon mutum uku a tsaye, ya dubi cocin can kan tudu. Taswirar da aka zuba a cikinta tun ta zamanin jiragen filafilai ce, an dai yi mata sabon fenti. Ya ce, "Kyan ɗan maciji. Rufe ta."

Ta biyu, mai tambarin kifi, ko cikin kwalekwale ba ta shiga ba. Ba ta buɗewa sai da sabis, sabis kuwa a Muaniwai sai an hau bayan makaranta, kusa da bishiyar mangwaro, an ɗaga hannu sama. Can suka hau ranar Laraba, Peniasi yana haki yana tsine wa tudun. Da ta buɗe, sai ga teku cike da 'yan tutoci. Duk wanda ya taɓa wucewa da jirginsa ya bar magana: nan akwai ruwan sha, nan mutanen ƙauyen suna da kirki, nan kar a jefa anga.

"Wannan fa?" in ji Torika, ta matso da fuska. "Gabas da tsibirin tsuntsaye. Wani ya rubuta, 'Wurin kifi na sirri, wani mutumin kirki mai suna Jolame ya nuna mini.' Mutum ɗari biyu da sha ɗaya sun ce sun gode."

Peniasi ya zauna a kan saiwar mangwaro don dariya ta hana shi tsayuwa. Wurin nan Jolame bai taɓa kai ko da ƙaninsa ba. Bature ɗaya ya ɗauka bara, don ya ba shi hular rana.

"Ashe shi ya sa ya ce kifi ya yi ƙaura!"

Amma da dariyar ta lafa sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce, "In na bi ƙofa da wannan fa?"

"Kafin ka ɗaure kwalekwale an sani a Amurka."

"Magulmaciya. Kashe ta, Torika. Kashe ta tun ba ta ji sunana ba."

Saura ta uku, mai tambarin kunkuru, kuma ta ci sunanta. Sai da Torika ta cinye mangwaro guda kafin ta buɗe. Ba kwalliya, ba tutoci. Gaɓa tana nan a inda take, coci yana kan tudunsa, amma wajen katangar murjani fari ne fat, da ɗan rubutu a tsakiya.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba a auna nan ba."

"Maimaita."

"Ta ce ba ta sani ba, kurma!"

Peniasi ya gyaɗa kai a hankali. A duk shekarunsa a teku bai taɓa jin wanda ya nutse don ya ce bai sani ba. Masu cewa sun sani su ake tsamowa. Ya ce, "Wannan 'yar gidan mutunci ce. Tana ɗaukar karatu?"

Torika ta yi 'yan dube-dube ta ce tana ɗauka. Duk inda kwalekwale ya bi za ta ja layi, in an danna ta ajiye alama, kuma abin da ta koya a cikinta yake zama, ba ta faɗa wa kowa sai mai allon ya aika da hannunsa. Sabis ma ba ruwanta da shi da zarar ta sauke taswirar yankin.

Sai wata matsalar ta taso. Kunkuru ba ɗan kowa ba ne, ba shi da baki, koya masa bai karya al'ada ba, haka dai Peniasi ya yanke wa kansa hukunci. Amma mai danna masa fa? Ranar Juma'a da safe, rana ta fito tas, za su je Vunisea ɗauko fulawa da sukarin matan coci, ya miƙa wa Torika tawul ɗin da allon ya zo a ciki.

"Lulluɓe kanki. Ke da allon duka. In na ce danna, ki danna. Ba leƙe."

"Ni za ka lulluɓe kamar kejin aku?"

"Aku ma ya fi ki riƙe sirri."

Ta lulluɓa, don dama a cikin inuwar tawul ɗin allon ya fi fitowa. Haka suka shiga Ƙofar Kaka, tsoho yana tsaye yana karanta ruwa, tsohuwa tana ƙarƙashin tawul tana rera waƙar coci da ƙarfi don ta ba shi haushi. A kowace lanƙwasa ya ce, "Danna," ta danna, kunkuru ya rubuta ɗaya, biyu, uku, har bakwai. Da suka fita babban teku ta yaye tawul ta nuna masa. Ya ga wani abu ja-ja, ya ce ya yi kyau. Bai gaya mata cewa layin ya yi masa siriri ba.

A Vunisea aka ɓata musu lokaci, kamar kullum. Mai shago ya tafi cin abinci, mai mabuɗin sito ya tafi neman mai shago. Kafin su juyo, hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Peniasi ya dube shi ya ce za su riga shi. Da ya bi ta babbar mashiga da ba wanda zai zarge shi, amma awa biyu da fulawar mata a cikin ruwan sama, ga kuma Jolame a bakin gaɓa yana tambayar me ya hana a bi ƙofa yau? Ya murɗa inji.

Sun wuce lanƙwasar farko ke nan ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Teku da sama suka zama abu ɗaya mai launin toka. A cikin ƙofa ba a juyawa, ba a kuma tsayawa, don ruwan da ke shigowa tura ka yake yi ko kana so ko ba ka so. Peniasi ya rage wuta, ya fizgo allon, wanda Torika ta riga ta zura a ledar sukari, ya kawo shi daf da hancinsa. Hazo kawai ya gani. Ƙarar igiyar ruwa tana fashewa a dama da hagu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce, "Torika, ba na gani. Ruwan ma, allon ma."

"Na sani tun ranar gungumen itace," in ji ta, ta karɓe allon. "Riƙe injinka. Lamba shida na gabanka."

"Wace ce shida?"

"Shida mana! Wadda ke bin biyar!"

"Ni ban san su da lamba ba! Suna gare su!"

"To faɗi sunan, ko mu je mu tambayi farfelar Jolame!"

Ya buɗe baki, abin da bai taɓa fita daga gidansu ba ya fito cikin ruwan sama, a jere daga gaɓa, yadda ubansa ya biya masa: "Haƙorin Kare, Tukunya, Tagwaye, Taurin Kan Litiana, Makwancin Dorina, Kujerar Fasto, Bakin Ƙofa!"

Ta ƙirga da yatsu, kamar yadda ta sa yara dubu suka yi a gabanta. A yatsa na huɗu ta ɗan tsaya, ta ɗago ta dube shi, sannan ta wuce.

"Kujerar Fasto! Tsawon kwalekwale uku, ta damanka!"

Da jin sunan, hannunsa ya san abin yi. Kujerar Fasto ana ba ta kafaɗa ne, a bar ta ta wuce, sannan a karya hagu da ƙarfi. Ya karya. Wani baƙin abu ya shuɗe ta gefensu, kusa har ana iya taɓa shi da sanda.

"Ka fita daga layi, koma dama kaɗan. Kaɗan na ce, ba gidan surukanka za ka ba! Yawwa. Makwancin Dorina na zuwa."

Haka suka bi ta, ita tana kiran suna da nisa, tana duban allo tana duban ruwa, shi yana saurarenta da kunne ɗaya, ɗayan yana sauraren igiya. Kunkuru bai yi gaggawa ba, bai kuma yi ƙarya ba. Da suka bar Haƙorin Kare a baya, ruwa ya kwanta lumui, ƙasa ta fara bayyana, Peniasi ya kashe inji ya zauna.

Ruwan sama yana ta sauka a kan tamfol ɗin fulawa.

"Me ya kai sunan uwata cikin teku?" in ji Torika.

Ya gaya mata. Ranar da kakansu zai nuna wa baban Peniasi ƙofa, Litiana tana 'yar shekara goma sha biyu, ta ɓuya ƙarƙashin tabarmar filafilai don ta ji. A dutse na huɗu atishawa ta tona ta. Kaka ya ce a juya a mai da ita gida, ƙofa ba ta 'ya'ya mata ba ce. Ita kuwa ta yi tsalle ta haye kan dutsen, ruwa iya gwiwa, ta ce ba za ta sauko ba sai an faɗa mata sunansa. Ruwa yana cikowa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ba ta motsa ba. Ƙarshe kaka ya ce, "Daga yau sunanki ne sunansa, sauko." Ta sauko da dutse ɗaya. Sauran shida ba a taɓa gaya mata ba.

Torika ta cire tabarau tana goge su da gefen zane, ko da yake zanen ya fi su jiƙa. "Ba ta taɓa faɗa mini ba. Shekara tamanin da huɗu, ba abin da ba ta ba ni labari, har abin da ban tambaya ba."

"Sirrin ƙofa ne," in ji Peniasi. "Nata kason ta riƙe."

Da suka iso gaɓa, matan coci sun fito da lemomi, Jolame ma yana nan tsaye ƙarƙashin rumfar kwalekwale, hannu a ƙugu. Peniasi ya sauko yana jiran abin da zai biyo baya. Torika tana cikin masu zama a taron gari, kuma bai taɓa sanin ta ga abu ta yi shiru ba. Bai ma ga laifinta ba in ta faɗa, bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne.

Jolame ya ɗaga murya. "A cikin wannan ruwan kuka bi ƙofa? Tsoho, idonka idon shaho ne!"

Torika ta ɗauki allon, ta naɗe shi a tawul, ta ɗaga sama yadda kowa zai gani. "Jama'a ku shaida. Na ɗauka."

Mata suka fashe da shewa, don ba abin da ke daɗaɗa wa ƙauye rai kamar a ga 'yar mace ta yi wa ɗan kawunta fashi da rana tsaka. Peniasi kuwa ya tsaya baki buɗe. Rediyo ya tafi bai ji ciwo ba, zakara ya tafi ya haƙura. Amma wannan? Kaka da uba sun ajiye ƙofa a inda hannu ba ya kai, shi ya ɗauko ta ya zuba cikin abin da ake sa wa a hammata. Kuma ba shi da bakin cewa a'a.

Ta matso kusa da shi, ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji. "Shekara hamsin ina neman in ɗauke ƙofar nan, na rasa ta inda zan kama. Yau ka yi mata mariƙi da hannunka."

"Torika..."

"Ban gama ba. Kayana ba ya zuwa ko'ina ba ni. Duk ranar da kwalekwalen nan zai fita, kujerar gaba tawa ce, da matashi, da shayi. Kai ka riƙe injinka. Likitocin ido in sun zo Vunisea ni zan kai ka, ko da jan kunne." Ta juya wajen Jolame ta ce da ƙarfi, "Idon shaho kam! Kai dai je ka gaishe da mutanenka ɗari biyu da sha ɗaya."

Jolame bai gane ba, amma Peniasi ya yi dariya har ruwa ya zubo masa daga ido, kuma ba duka ne na dariyar ba.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci suka hau bayan makaranta suka kira Sainimili. Ta tambayi wacce ya zaɓa.

"Kunkuru," in ji shi. "Sai dai allon an riga an sace."

"Gwaggo Torika?"

"Wa kuma?"

Amma kafin Lahadin, ranar Asabar da la'asar, an shimfiɗa tabarma a gidan Peniasi, an rufe ƙofa da taga. Torika ta zo da saiwar yangona a naɗe, kamar yadda kowane mai neman ƙofa ya taɓa zuwa, ta zauna a inda baban Peniasi ya taɓa zama a gaban kaka. Ya jiƙa, ya tace, ya miƙa mata ƙoƙo. Ta tafa, ta shanye. Sannan ya fara biya mata duwatsun a tsanake, kowanne da launin ruwansa da yadda ake ba shi hanya. Ya faɗi Haƙorin Kare, ya faɗi Tukunya, ya faɗi Tagwaye. Da ya zo na huɗu ya ɗago ya dube ta.

"Wuce, taubashi," in ji Torika. "Wannan namu ne tun tuni. Sauran shidan na zo karɓar wa uwata."